Firmino Marini da Hannun Matarsa

Firmino Carqueja mutumin kirki ne. Da wannan zan fara, don abin da zai biyo baya yana iya sa a manta. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma idan motarka ta mace a hanya shi za ka fara kira. Aibinsa guda ne: ba a yabon wani a gabansa bai ji ƙyashi ba. Tun muna yara a ƙauyenmu na kusa da Leiria haka yake. Idan malami ya ce rubutun wane ya yi kyau, Firmino zai leƙa littafin ya ce, "Ai yayarsa ce ta rubuta masa." Ni Adelino tare muka tashi, ni na yi masa babban aboki ranar aurensa, ni kuma na riƙe 'yarsa Tânia a coci ranar baftisma, shi ya sa har yau ba ya kiran sunana sai compadre.

Bai yi nisa a karatu ba ya shiga kamfanin da ke yin tagogi da ƙofofin alminiyam, aka saka shi ɓangaren rini. In kana son ka ga ɓacin ransa, ka ce masa fenti yake yi.

"Fenti a bayan ƙarfe yake kwanciya, farce ma ya kankare shi," in ji shi. "Nawa a cikin naman ƙarfen yake."

Gaskiyarsa ce. Ana rataye ƙarfen da waya a tsoma shi cikin ruwan batir da aka sirka, a sakar masa wutar lantarki, sai ya tsiro da wata fata mai tauri, mai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Fatar nan ita ke shan rini. In ta sha, a dafa ƙarfen a tafasasshen ruwa ƙofofin su rufe, launi ya zauna ke nan. A kamfanin dai launin bai wuce fari da baƙi da ruwan ƙasa ba, kuma a kansu Firmino ya ƙare ƙuruciyarsa. Shekarar da tattalin arziki ya karye aka daina gine-gine, kamfanin ya rufe, ya dawo gida yana dab da shekara hamsin, hannu rabbana.

Ni a lokacin na buɗe filin wasan bindigar fenti a wani yankin daji da na gada daga mahaifina. Asabar da Lahadi samari da 'yan mata, har da magidanta masu tumbi, sukan zo su rufe fuska su rabu gida biyu su yi ta harbin juna da ƙwallayen fenti. Firmino yakan zo ya zauna a rumfata ya sha kofi yana kushe su. Wata rana wani ɗan wasa ya ajiye bindigarsa a kan tebur, duk ta koɗe ta yi zane-zane. Firmino ya ɗauka, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya kai kunne.

"Wannan ai alminiyam ne. Ba ni ita zuwa mako mai zuwa."

Ya share garejinsa, ya jera robobin ajiye kaya ya mayar da su kwatarniyoyi, ya samo na'urar cajin batirin mota, ya cika firjin matarsa da gorunan ƙanƙara don sanyaya ruwan batir. Lahadin da ta zagayo ya dawo da bindigar ja wur, tana sheƙi kamar an tsamo ta daga ruwa. Kafin shekara ta ƙare ana aiko masa da bindigogi daga Lisbon da Porto. 'Yan wasa suka laƙa masa Mestre, wato gwani. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na shekarun nan ba. Har tafiyarsa ta sake.

Matarsa Graciete gajeriyar mace ce mai dariya da ƙarfi, tana aiki a wani shagon gyaran gashi a cikin gari, inda ta kwashe shekaru tana rina kawunan mata. Garejin ba ta shiga sai in za ta kai masa kofi ko ta yi faɗan ƙanƙarar da ta kore mata kifi daga firji. Ranar da abin ya fara ina wurin. Wata yarinya 'yar wasa ta zo da bindigarta ta ce tana son ta fara da shuɗi a baki, ya riƙa narkewa a hankali har ya zama ruwan hoda a gindi, ba tare da an ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

"Kin ga na yi miki kama da mai sayar da alewa?" in ji Firmino. "Zaɓi guda. Shuɗi ko ja."

Graciete tana tsaye da faranti a hannu. Ta ce, "Mene ne abin wahala a ciki? Ai kullum ina yi wa mata a gashi."

"Gashi daban, ƙarfe daban, mace."

"To ba ni wanda ka ɓata in gwada, in ya lalace dama ɓatacce ne."

Ya ba ta wani guntun bututu yana murmushin mugunta. Ta zura rigar aikinsa da ta kai mata har idon sawu, ta tsoma bututun a shuɗi, ta riƙa ɗago shi kaɗan-kaɗan tana ƙirga wani abu a ranta, sannan ta juya shi ta tsoma ɗaya kan a ruwan hoda. Da ta ɗauraye ta ɗaga shi a hasken ƙofa, yarinyar nan ta yi ihu ta rungume ta. Firmino ya karɓa ya jujjuya, ya daɗe yana neman inda launukan suka haɗu. Bai samu ba.

"Sa'a ce," ya ce.

Da farko shi da bakinsa yake kiranta in irin wannan aiki ya zo, har yana yi mini alfahari wai ya koya wa matarsa sana'a. Amma Graciete ba ta tsaya inda ya ajiye ta ba. Ta gano yadda za ta fantsama gam da buroshi a kan launi, ta wanke sauran, ta sake rina wani, sai ka ga bindiga kamar an watsa mata ruwan wuta. Ta yi mai kamar wuyan tattabara, ta yi mai kamar bayan kifin sardin. 'Yan wasa suka riƙa ɗaukar hoto suna sakawa a intanet, a ƙarƙashi kuma suna rubuta sunanta. Ta bar shagon gashi ta tare a gareji.

Daga nan waya ta fara sauya magana, har ana sa wa matarsa Dona, wato uwargida. Firmino zai ɗauka, a ce, "Barka da rana, Dona Graciete tana kusa?"

"A'a, ɗan aikenta ne ke magana. Akwai saƙo?"

Ya fara abubuwan da ba su dace da shekarunsa ba. Yakan gaya wa masu kawo aiki cewa launukan nan masu walƙiya ba sa jure rana, bayan ya san ƙarya ne, tunda shi yake dafa su. Idan tana cikin aikin da ke son natsuwa, sai ya ƙure rediyo a tashar ƙwallo. Ruwan rininta na shunayya ya ɓace sau biyu, aka same shi a bayan tayoyin mota. Ni kuwa kunnena ya sha. Kullum da yamma zai zo rumfata ya zauna ya fara.

"Compadre, wa ke wanke maiƙo? Ni. Wa ke goge ƙarfe har yatsunsa su mutu? Ni. Wa ke tsaye kan ruwan batir yana shaƙar tururi, yana auna sanyi, yana auna wuta? In na yi kuskure kaɗan fatar ta ƙone, rininta ya zube kamar kunu. Ita ta zo da ɗan buroshinta ta yi fatsal-fatsal, shi ke nan, Dona Graciete, Dona Graciete."

"To ai aljihu ɗaya ne, mutumina. Gida ɗaya, tukunya ɗaya."

"Ana maganar suna kana maganar tukunya."

Graciete ba sakarya ba ce, ta lura. Ta fara gyara masa a gaban mutane. Duk wanda ya yabe ta sai ta ce, "Ku yabi maigidan, ba don fatar da yake tsirowa ba rinina ba zai kama ba." Maimakon ya ji daɗi sai abin ya ƙara masa ciwo. Ya ce mini, "Ka ji ko? Sadaka take ba ni a bainar jama'a."

Wanda ya fi ƙona shi ya faru ne a wata gasa da aka yi a filina. Muna gasa sardin, mutane sun cika, wani baƙo daga kudu ya miƙo masa hannu da fara'a ya ce, "Kai ne mijin Dona Graciete? Kai, ka dace!" Firmino ya ajiye burodinsa ya tafi ya zauna a mota har aka tashi.

A cikin 'yan wasanmu akwai Baltazar, direban babbar mota, ƙato mai sanyin hali. Yana da wata tsohuwar bindiga irin wadda aka daina ƙerawa, da ita ya fara wasa tun yana saurayi, kuma ba ya bari kowa ya harba ta. Can baya an taɓa sauya mata launi a wani wuri. Ya kawo ta gareji ya ce yana son a yi mata na ƙarshe, wanda za ta tsufa da shi.

Sauya launi ba kamar sauya riga ba ne. Sai an tsoma ƙarfen a soda, irin ta sabulu, ta cinye tsohuwar fata, kuma duk cin da za ta yi sai ta haɗa da naman ƙarfen. A waje ba a gani. Amma a ciki, inda zoben roba ke toshe iskar da ke tura ƙwallo, ramin yana ƙara faɗi. Firmino ya auna ramin ya girgiza kai.

"Sau ɗaya ya rage mata, Baltazar. Bayan wannan duk wanda ya sake kai ta soda ya kashe ta. Ka ji na faɗa maka."

"Na ji, Mestre. Shi ya sa nake so..." Ya sosa ƙeya. "Kada ka ji wani abu. Launin, ita nake so ta yi. Kai ka yi naka na ƙasa."

"Na ƙasa," in ji Firmino. "To."

Ya yi nasa, kuma ya yi shi da kyau, don a wajen aiki ba ya ha'inci. Graciete ta yi wa bindigar kore mai duhu da ɗigon ruwan zinariya, kamar hasken rana a ƙasan daji. Aka dafa, aka rataye. Washegari aka bugo waya daga Porto cewa Tânia ta fara naƙuda tun kafin lokaci. Graciete ta haɗa jaka ta bi motar safe, ta ce wa mijin ya harhaɗa bindigar ya ajiye, ranar Lahadi ta sama za a ba mai ita.

Da hantsin ranar Asabar na je garejin kai masa wasu ƙarafa. Na tarar da ƙofa a rufe, abin da ba ya yi da rana. Da na tura, warin soda ya bugi hancina. Yana tsaye da safar roba, gabansa kuma gangar jikin bindigar Baltazar ce a rataye, fara fat, tsirara, ruwa yana ɗiga. Koren nan duk yana cikin roba ya zama ruwan kwata.

"Firmino! Me ka yi?"

"Akwai tabo."

"A ina?"

"A ƙasa, kusa da kunamarta. Ba za ka gane ba."

"Da bakinka ka ce sau ɗaya ya rage mata. Ina tsaye a nan ka faɗa."

"Ban bari ta daɗe ba. Tsomawa na yi na cire." Bai dube ni ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kwana biyu tana rataye a nan tana kallona, compadre. Duk inda na juya tana kallona."

Na ce ko ya buga wa matarsa waya ko ni in buga. Ya ce in bar mace ta ji da 'yarta, shi zai faɗa mata da bakinsa in ta dawo. Na fita na bar shi.

Makon nan kaf bai leƙo rumfata ba. Daga baya ya ba ni labarin yadda ya yi. Ya tara duk guntayen bututun da ke garejin yana gwaji, yana tuno yadda take riƙe waya, yadda take karkata hannu. Shekaru yana kallonta ta wutsiyar ido yana cewa ba komai ba ne, ashe duk ya haddace. Abinci ma a tsaye yake ci, burodi da cuku. Sai da ya ƙarar da guntayen sannan ya taɓa bindigar.

Ranar Lahadi Graciete ta sauka daga motar Porto ta zarce filina kai tsaye, da hoton jaririya a waya tana nuna wa kowa. Firmino ya iso da bindigar a naɗe cikin tawul, ya ajiye a teburin rumfa, ya koma gefe. Baltazar ya goge hannunsa a wando ya buɗe.

Bindigar baƙa ce, amma baƙin da in ka karkata ta sai ya buɗe ya zama ja mai duhu, kamar garwashin da toka ta fara rufewa, ga wasu siraran jijiyoyi ruwan tagulla suna bi ta ciki. Na ga bindigogi da yawa a rayuwata, ban ga irinta ba.

"Dona Graciete!" in ji Baltazar. "Kore muka yi da ke, amma wallahi na yafe. Wannan ai ta fi ƙarfin kore."

Aka yi caa a kanta, masu tafi na yi, masu hoto na yi. Graciete ta karɓi bindigar ta dube ta sama da ƙasa. Dariyar da ta zo da ita ta ɗauke. Ta ɗaga ido ta dubi mijinta sau ɗaya, ta miƙa wa Baltazar kayarsa.

Baltazar ya ɗaura tulun iska ya murɗa. Sai muka ji tsss. Ya kwance ya sauya zoben roba ya sake ɗaurawa. Tsss. Ya sa wanda ya fi kauri, ya shafa mai. Iska dai tana fita, ƙwallo ko ɗaya ba ta tashi ba. Wani abokinsa mai gyaran bindigogi ya leƙa ramin da tocila ya ce, "An cinye ƙarfen. Dona, soda ta yi yawa."

Ƙaton nan ya zauna a benci, bindiga a cinya, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na dubi Firmino, ya sunkuyar da kai. Graciete ta dafa kafaɗar Baltazar ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Daga garejinmu ta fito, laifinmu ne. Za mu san yadda za a yi."

Da a nan maganar ta tsaya, ina jin da Firmino ya bar ta ta ɗauki laifin, aƙalla a ranar. Amma mutane suka shiga ba ta baki. Wani ya ce kuskure ai na kowa ne. Wata ta ce, "Ko ba ta harbi, a rataye ta a bango. Dona, a duk ayyukanki babu kamar wannan." Wani ya ƙara da cewa, "Hannun nan naki daban ne. Namiji ba zai taɓa iya wannan ba."

Sai na ji kujera ta faɗi.

"Ni na yi!" Firmino ne, fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ni na yi ta! Nata kore ne, na wanke shi a soda, na yi wannan da hannuna. Baƙin nawa ne, jan nawa ne, tagullar tawa ce. Ko buroshi ba ta taɓa ba, tana Porto! Ku tambayi compadre!"

Babu wanda ya tambaye ni. Baltazar ya miƙe a hankali, ya zo ya tsaya a gabansa, ya fi shi tsawo da kai guda. Na matso don kada a yi abin kunya. Amma bai ɗaga hannu ba.

"Kai ka ce mini duk wanda ya sake kai ta soda ya kashe ta."

"Ni na faɗa."

"Kuma ka kai ta."

Abin da ya fito daga bakin Firmino shi ne, "Amma ka ga launin."

Graciete ta ɗauki jakarta ta bi hanyar gida a ƙasa. Da na tsayar da mota kusa da ita ta ce in wuce, tana son iska.

Ba ta yi yaji ba, ba ta yi masa tijara ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ci gaba da dafa masa miyar kabejinsa, tana wanke masa kaya, tana amsa gaisuwarsa. Garejin ne kawai ta daina shiga. Ta sa kujera da madubi a ɗakin baya ta koma rina gashin matan unguwa. Matata ta tambaye ta ko bindigar ce ta ɓata mata rai haka. Ta ce, "Ba bindigar ba ce. Na tsaya zan ɗaukar masa laifi a gaban mutane, shi kuwa ko yabo bai iya bar mini ba."

Firmino ya kai bindigar wurin wani ɗan'uwansa da ke aikin injin sassaƙar ƙarfe, suka faɗaɗa ramin suka cusa masa siririn bututu, iska ta daina fita. Da kansa ya kai wa Baltazar har gida. Baltazar ya karɓa ya gode, amma bai sake kawo aiki garejin ba, kuma sunan Mestre bai sake fitowa daga bakinsa ba. Senhor Firmino yake ce masa, da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo.

Hoton bindigar kuwa ya zaga ko'ina, wannan karon da sunan Firmino a ƙasa. Abin da ya daɗe yana nema ya samu. Mutane suka fara bugowa suna neman baƙi mai garwashi. Ya karɓi aiki ya shiga gareji, ya yi, ya sake yi. Abin ya ƙi. Wani ya fito kamar hanta, wani kamar tsatsa. Robobin rinin su ne, hannun shi ne, amma launin nan bai sake dawowa ba. Wata yamma ya zo rumfata da wani bututu mai launin laka ya jefa a tebur.

"Da zafin zuciya na yi waccan, compadre. Yanzu zafin babu, sai kunya, ita kuwa ba ta rini."

"To ka je ka ba ta haƙuri."

"Na ce mata miya ta yi daɗi."

"Wannan ne ban haƙurin?"

"Sau uku na faɗa."

Firmino bai iya ban haƙuri da baki ba, sai ya yi da hannu. Da damina ta wuce ya fasa bangon garejin ta gabas ya saka babbar taga, ya gina tebur daidai tsayin Graciete, ya ja mata famfo da wurin wanke hannu, ya jera mata robobin rini sababbi. Ya yanko farantin alminiyam ya rina shi shuɗi, ya rubuta sunayensu biyu ya kafa a ƙofa. Sannan ya aiko a kira ni, wai in zo in ga taga, alhali so yake a samu na uku a wurin kada ta ƙi fitowa.

Ta fito tana goge hannu, ta zaga garejin, ta murɗa famfo ta rufe, ta gwada tsayin teburin da gwiwar hannu. Ta zo ƙofa ta tsaya gaban farantin.

"Naka ne a sama."

"Harafina ne ke gaba a jeri."

"Kuma ya fi nawa girma."

"Harufan sunanki sun fi yawa, dole a matse su."

Ta dube shi, ta dube ni, sai dariyar nan tata ta ƙwace, har tana dafa bango. Da ta lafa ta ce za ta dawo, amma da sharaɗi: kabad ɗin da ake ajiye soda za a sa masa kwaɗo, makulli kuma a wuyanta zai zauna. Ya yi gunaguni, ya je ya sayo kwaɗon.

Yanzu ya haura sittin, suna nan suna aiki, shi a kan ruwan batir, ita a bakin taga. Kada wani ya ce maka ya warke. Har gobe in waya ta yi ƙara aka nemi Dona Graciete, sai ya miƙa mata yana kallon rufi. Akwai 'yan wasan da ke son baƙi mara sheƙi irin na soja, su shi suke nema, kuma duk ranar da ɗaya ya zo sai unguwa ta sani.

Bazarar da ta wuce Tânia ta kawo 'yarta Benedita hutu, aka saya mata keke. Firmino ya rina mata ƙararrawar keken ja, Graciete ta rina gorar ruwan da ake maƙalawa a jiki, shunayya mai ɗigon fari. Muna zaune a tsakar gida bayan abincin rana, sai ya kira yarinyar ya ɗora ta a cinya.

"Faɗa mini gaskiya, 'yar gidana. Wanne ya fi kyau, ƙararrawa ko gora?"

Ta nuna gora ba ta ko yi tunani ba.

Ya sauke ta, ya sa hularsa, ya kama hannunta suka tafi shagon bakin dandali. Suka dawo tana lasar askirim mai hawa biyu, ya zubo mata har gwiwar hannu. Ya tsayar da ita a gaban keken, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa.

"To, yanzu sake dubawa da kyau. Wanne?"

Benedita ta lashi askirim, ta buga ƙararrawar sau ɗaya don ta faranta masa, ta ce, "Gora."